Kurakuran da muke tafkawa da kalmar worm, da yadda za a gyara su

Jama'a akwai wata 'yar ƙaramar kalmar turanci da take ba mutanenmu wahala fiye da yadda ake zato, wato worm. A firamare ticha ya ce mana ma'anarta tsutsa, muka haddace muka wuce, to wannan fassara guda ɗaya tilo ita ce tushen matsalar, kuma abin da ya fi damuna shi ne matsalar ba ta tsaya a jarrabawa kaɗai ba, har kemis take raka mutum ya sayo maganin da ba shi ne na cutarsa ba.

Bari mu fara da baki. Yawancinmu in mun ga worm sai mu ce "wom" saboda mun ga harafin o, in mun ga warm sai mu ce "wam" saboda mun ga a. A bakin Bature kuwa kusan a juye abin yake. Warm, mai nufin ɗumi, ita ce ake furtawa kamar "wom", sautinta ɗaya da form da storm. Ita kuwa worm sautinta irin na term ne da firm da bird, sautin da babu shi sak a Hausa, ba a zagaye leɓe, sai dai ka saki bakinka ka ja shi kaɗan. Dabarar da za ta taimaka maka ita ce ka haɗa ta da 'yan uwanta: word, work, world, worse, worth, duk w-o-r ne kuma duk sauti ɗaya ne. Su kuma war, warn, ward suna gidan warm. Wannan ruɗanin ne yake sa ka ga a takardar gayyata ko a WhatsApp an rubuta "worm welcome" ko "worm greetings", ko wani ya rubuta yana son "worm water", kuma wayarka ba za ta ja masa jan layi ba tunda kalmar ba ƙarya ba ce, akwai ta a ƙamus. Kafin ka tura, tambayi kanka, ɗumi nake nufi? In ɗumi ne to harafin a ne a tsakiya.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar cewa duk abin da Bahaushe ya kira tsutsa to worm ne. Ba haka ba ne. Wadda kake gani a ruɓaɓɓen nama ko a cikin mangwaron da ƙuda ya yi wa ƙwai, maggot ce. Mai cin ganye wadda daga baya take rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi, caterpillar ce. Gwazarma da ake tonowa a juji, grub. Shi Bature in ya ce worm kawai bai ƙara komai ba, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne tana, wadda take fitowa da damina a jiƙaƙƙiyar ƙasa, cikakken sunanta earthworm. Mu kuma ba ma ma ce mata tsutsa ba, tana muke cewa. Ka ga kenan a nan Hausa ta fi rarrabewa, a can kuma turanci ya fi. Amma fa su ma ba su tsaya kan ƙa'ida ba, domin silkworm mai yin zaren siliki caterpillar ce, haka fall armyworm, tsutsar nan da ta addabi masara, wadda aka fara ganinta a Afirka a farkon 2016 kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da ta ɓulla, asalinta daga nahiyar Amurka. Ita ma ɗiyar wani malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare. Manomi ya san wannan yana da amfani, don uwar tashi take yi ta yi nisa cikin dare ɗaya ta zuba ƙwai a ganye, ba daga cikin ƙasa abin yake fitowa ba.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami tun farko: ringworm. Wallahi wannan yana ci min rai. Likita ko ma'aikacin asibiti zai duba yaro ya ce ringworm ne, uwa ta ji worm a ƙarshe, sai ta tafi da cewa tsutsa ce ta shiga fatar ɗanta ko kuma tsutsar ciki ce ta fito waje, sai a sayo maganin tsutsa a ɗirka wa yaro, sati biyu sati uku abu na ta faɗi yana zagayawa, har ya kama ƙannensa. 'Yar uwa, babu tsutsa ko ɗaya a ringworm. Makero ne, wasu su ce makenkero, in a kai ne kuma kora. Abin da ke kawo shi wani nau'in fangas ne, dangin hunhuna, kuma sunan ya samo asali ne daga da'irar da yake yi a fata kamar zobe, mutanen zamanin da sun zaci tsutsa ce ta naɗe a ciki. Maganinsa na shafawa ne irin su clotrimazole, a yi ta shafawa har makonni, kar a daina don an ga ya dushe. In a fatar kai ne shafawa kaɗai ba ta kaiwa ga saiwar gashi, sai an haɗa da ƙwaya irin griseofulvin ko terbinafine wadda likita zai rubuta, ita ma ta makonni ce. A raba tawul da mataji da hula, a lura da askar wanzami da kilifar mai aski. Kuma don Allah a guji man shafawa mai steroid a ciki, irin waɗanda ake amfani da su wajen bilicin, yana kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci amma ƙara wa cutar ƙarfi yake.

To su kuma tsutsotsin ciki na gaskiya, a turanci jam'i ake sawa, "the child has worms", ba "has worm" ba. Kuma ba iri ɗaya ba ne, wannan ma wani kuskuren ne, a ce maganin tsutsa kawai kamar duk abu ɗaya ne. Roundworm shi ne macijin ciki, yana iya kai tsawon santimita 30 ko fiye, ƙwansa ake ci a abinci ko hannun da ya taɓa ƙasa mai kashi. Hookworm ta fatar ƙafa yake shiga in ana yawo ba takalmi, yana shan jini har ya sa ƙarancin jini. Waɗannan albendazole ko mebendazole na yi musu. Tapeworm kuwa, tsila, daga naman da bai dahu ko bai gasu sosai ba ake samu, kuma maganin da aka fi ba da shi praziquantel ne, shi ne kuma na tsargiya wadda ita ma wata tsutsa ce ke kawo ta daga ruwan kududdufi da dam. Mai ƙaramin ciki, wato watanni ukun farko, ba a ba ta albendazole, a tambayi asibiti tukuna. Ashe ma ba mu kaɗai muka haɗa maciji da tsutsa ba, a tsohon turanci kalmar wyrm ce kuma tana nufin maciji har da dodon tatsuniya.

Guinea worm kuma yara na yanzu da yawa ba su san shi ba, alhamdulillahi, har na ji masu zaton wata cuta ce ta ƙasar Gini kawai. Kurkunu ne. A 1988 da aka yi ƙidaya a Najeriya an samu mutum sama da 650,000 ɗauke da shi, babu ƙasar da ta kai mu a lokacin. Ba shi da ƙwaya ba shi da allura, sai dai in ya ɓullo a ƙafa a riƙa naɗe shi a tsinke a hankali kwana da kwanaki. Da tace ruwan sha da haƙa rijiyoyin burtsatse da hana mai shi tsoma ƙafa a tafki aka ci ƙarfinsa, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun yi yawon ƙauyuka sosai a kan wannan. An ga na ƙarshe a Najeriya a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi, Gana a 2015. Har yanzu dai ana ɗan samunsa a Chadi da wasu ƙasashe ƙalilan, 'yan uwanmu na can sai a ci gaba da tace ruwa.

Masu harkar kwamfuta su ma suna da nasu. In ka ga an ce worm a labarin intanet, muguwar manhaja ake nufi, kuma kuskuren shi ne a ce ai bairos ce. Suna da bambanci. Bairos sai ta maƙale a jikin wani fayil, sai wani ya buɗe sannan ta yi aiki. Worm kuwa da kanta take kwafar kanta ta bi netwok daga wannan kwamfuta zuwa waccan ko ba wanda ya danna komai. Wadda ta fara yin suna ita ce ta Robert Morris, ɗalibi a jami'ar Cornell a Amurka, a Nuwamban 1988. A watan Mayun 2017 kuma wata worm mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila, alhali Microsoft ta riga ta fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris, mutane ne ba su yi ofdet ba. Don haka gyaran a nan ba wai kawai ka guji danna link ba ne, ka riƙa sabunta Windows ɗinka.

Sai karin magana, inda masu fassara kalma da kalma suke faɗawa rami. "Open a can of worms" ba ruwansa da gwangwani, allura ce ta tono garma. "The early bird catches the worm" muna da namu da ya fi shi daɗi, da sanyin safiya ake kama fara, shi za ka sa in kana fassara. In an ce maka bookworm kar ka yi fushi, mayen karatu ake nufi kuma galibi ba zagi ba ne, amma in mutum ya dube ka ya ce "you worm" to wannan zagi ne, ƙasƙantacce yake nufi. Kalmar tana zama aikatau ma, wannan da yawa ba su sani ba. "He wormed his way into the family" yana nufin ya lallaɓa ya cusa kansa da dabara, kuma akwai zargi a ciki, kar ka yi amfani da shi wajen yabon wani. "She wormed the secret out of him", ta yi ta bugun cikinsa har ya faɗa. In kuma likitan dabbobi ya rubuta maka "worm the goats" ko "deworm the goats", duka biyun abu ɗaya ne, a ba awaki maganin tsutsa, kuma ka tambaye shi awon da ya dace da nauyin kowace dabba da kwana nawa za a jira kafin a yanka ko a sha nononta.