Iskar Kofu: yaushe a buɗe taga, yaushe a rufe ta

Ku da kuka sauka a Kofu, babban birnin lardin Yamanashi na Japan, ku fara sanin cewa garin a cikin kwari yake. Tsaunukan Akaishi suna yamma, Yatsugatake a arewa maso yamma, jerin Misaka da Dutsen Fuji a kudu. Wannan zama ne ya sa iskar garin ke sauya hali daga wata zuwa wata, har daga safiya zuwa la'asar.

Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, idan dare ya yi sarari ƙasa takan huce da sauri. Iska mai sanyi ta gangaro daga tsaunuka ta kwanta a gindin kwarin, mai ɗumi ta zauna bisanta kamar faifai a bakin ƙwarya. Hayaƙin motoci da na rassan inabi da manoma ke ƙonawa bayan sun sassare gonaki sai ya rasa hanyar tashi. Da asuba za ku gan shi, fari-fari, shimfiɗe a saman rufin gidaje alhali kan tsaunin tangaran yake. Murfin ba ya buɗewa sai rana ta ɗaga. Don haka mai gudun motsa jiki ya bari sai hantsi, ya kuma kauce wa bakin babbar hanya mai lamba 20. Ranar da iskar Yatsugatake ta kaɗo, sanyi na cizo amma iskar ta wanku, ranar shanya ke nan.

Haɗarin hunturu mafi girma a cikin ɗaki yake. Mai amfani da hitar kananzir ya buɗe taga minti ɗaya zuwa biyu, sau ɗaya ko biyu a kowace awa, kuma kada ya kwana da ita a kunne, domin gubar hayaƙinta ba ta da wari. Gawayin turaren wuta a rufaffen ɗaki ma haka ne. Gidajen da aka gina tun daga 2003 doka ta wajabta musu na'urar sauya iska mai aiki dare da rana. Sababbin zuwa da yawa sukan kashe ta, ko su toshe 'yan ramukan bango saboda sanyi, sai ruwa ya taru a gilashi, fumfuna ta kama labule. Ku bar ta tana aiki, ku riƙa wanke matatarta, danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60.

Daga Fabrairu ƙurar furen itacen sugi ke tashi daga dazuzzukan tsaunuka, ta hinoki ta biyo baya har farkon Mayu. Rana mai ɗumi da iska bayan an yi ruwa ita ce mafi muni. Wanda bai yi atishawa a shekarar farko ba kada ya saki jiki, abin kan kama mutum daga baya. Ku je jibika, asibitin kunne da hanci, tun kafin kakar ta kankama. Mai inshorar lafiya kashi 30 na kuɗin yake biya. Tsakanin Maris da Mayu kuma ƙurar hamadar Gobi, wadda suke kira kosa, takan iso. Wanda ya san hazo zai gane ta nan take: a sa takunkumi, a shanya kaya a ciki.

Da zafi jadawalin ya juye. Kofu ta kai digiri 40.7 a Agustan 2013, kuma irin wannan rana mai ƙuna tana dafa hayaƙin motoci ya zama gurɓatacciyar iska mai sa ido yaji da ƙaiƙayin maƙogwaro. Da sassafe za ku buɗe taga, daga azahar zuwa la'asar yara da masu asma su zauna a ciki. Hukuma na fitar da gargaɗi idan ma'aunin wannan iska ya kai 0.12 ppm, wato kashi 0.12 cikin miliyan.

Kafin fita ku duba shafin Soramame na ma'aikatar muhalli, ku nemi tashar awo mafi kusa da ku. Mizanin PM2.5, wato ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ke cikin iska, na yini shi ne maikrogiram 35 a kowace kubik mita ta iska. Idan ana hasashen zai wuce 70, ku rage fita, ku taƙaita buɗe taga.