Yadda za ka auna ƙarfin motsa jikinka don lafiyar zuciya

1. In kana da hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, fara ganin likita tukuna.

2. Fita bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, hayaƙin motocin haya na danfo ya cika titunan Legas. Mazauna Agege, kewayen filin wasa ya wadatar.

3. Yi minti 5 kana tafiya a hankali, sannan ka shiga sassarfa.

4. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ka ƙirga bugun zuciyarka na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4 don samun bugun minti ɗaya. Cire shekarunka daga 220 don kimanta iyakar bugun zuciyarka a minti. Mai shekara 40 zai samu 180, kuma matsakaicin motsi kashi 50 zuwa 70 ne na wannan, wato bugu 90 zuwa 126 a minti. Wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya, don haka ni na fi yarda da gwajin baki: in kana iya hira amma waƙa ta gagara, ka daidaita.

5. Minti 30, kwana 5 a mako, ya cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta.

6. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi? Tsaya nan take, a kai ka asibiti.