Yadda Za Ka Shirya Wa Fitowar GTA VI Ba Tare Da Ka Yi Asara Ba

Tun 2013 da wasan bidiyo na GTA V (Grand Theft Auto V) ya fito masoya ke dakon magajinsa, kuma kamfanin Rockstar ya ɗage ranar fitowar GTA VI har sau biyu, daga ƙarshen 2025 zuwa Mayun 2026, sannan zuwa 19 ga Nuwamba, 2026. Saboda haka, kada ka gina lissafin kuɗinka a kan wata rana sai ka gan ta a shafin kamfanin.

Fara da duba na'urarka, domin a kan PlayStation 5 da Xbox Series X/S aka sanar da wasan, wanda ke nufin mai PlayStation 4 sai ya sake na'ura. Ka kuma tanadi wadataccen wurin ajiya da intanet mai ƙarfi, don sauke babban wasa da datar waya kan cinye aljihu.

Abin da ya fi muhimmanci, a ganina, shi ne ka guji biyan kuɗi kafin wasan ya fito. Hasken titunan Vice City, birnin da ke cikin wasan, da labarin jarumansa Lucia da Jason a bidiyon talla suna ɗaukar hankali, amma talla ba ta nuna yadda wasa zai gudana a hannunka. Waɗanda suka yi gaggawar sayen wasan Cyberpunk 2077 a Disambar 2020 sun sha fama da kurakurai, har Sony, mai ƙera PlayStation, ta cire shi daga shagonta na intanet na wasu watanni. Ka dakata mako guda bayan fitowar GTA VI, ka kalli yadda yake tafiya a kan irin na'urarka, sannan ka saya.