Kurakuran Masu Shigo da Ƙwarin Ƙasashen Waje Don Kiwo

Na gaji da jin tambaya ɗaya daga bakin sababbin masu kiwon ƙwari a nan Abuja: "Yaya, na riga na tura kuɗi, yanzu ya zan yi kayana su fito?" Ai tun daga nan aka yi ɓatan kai. Takarda ake fara nema, kuɗi ya biyo baya.

Hukumar killace kayan noma ta ƙasa, wato NAQS, ita ke ba da izinin shigo da tsirrai da dabbobi, kuma jami'anta na nan a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Izinin nan tun ƙwaron yana ƙasarsu ake nemansa. Ni dai nakan rubuta sunansa na kimiyya, guda nawa ne, daga ina zai taso, da irin akwatin da zan ajiye shi. In aka ce a'a, shi ke nan, kuɗina na aljihuna.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dabarar nan ta ɓoyewa. Wani ɗan kasuwa a Asiya ya taɓa lallaba ni, wai zai rubuta "kayan wasan yara" a jikin kwali ya aiko mini da tsutsotsin buzuzu mai ƙaho ta gidan waya, wai kowa haka yake yi. Aka buɗe kwalin, aka riƙe, kuɗi suka tafi, shi kuwa ya daina amsa saƙo. Kuma wa zan kai ƙara? Sunana ne a kan kwalin, ba nasa ba. Dokar aika wasiƙu ta duniya ma ta hana tura dabba mai rai, in ban da 'yan kaɗan irin su ƙudan zuma, matsattsaku da tsutsar siliki. Buzuzunka ba ya cikinsu. Duk mai sayarwar da ya fara yi maka zancen canza suna, ka rabu da shi tun da wuri.

Sai batun CITES, yarjejeniyar 1973 kan cinikin halittun da ke neman ƙarewa, wadda Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke kula da takardunta a Najeriya. Mutane na ɗauka hauren giwa ne kawai da aku. A'a. Buzuzun Dynastes satanas na Bolibiya yana ciki tun 2010, manyan malam-buɗe-littafin yankin Niyu Gini da baƙar kunamar nan ta Afirka ta Yamma su ma suna ciki. Ko busasshe ne a cikin gilashi, sai da takarda.

Yanzu bari in yi faɗa. Ku da kuke gajiya da kiwo ku buɗe akwati a bayan gida ku ce "su je Allah ya ciyar da su", kun san abin da kuke yi kuwa? Ƙwaron rumbu mai huda masara daga tsakiyar nahiyar Amurka ya fito, ya ɓulla a Togo a 1984, yau ga shi yana mayar da hatsi gari. A 2016 tsutsar da manoma ke kira Sharon ta cinye tumatir a Kaduna da Kano, a shekarar kuma aka fara ganin tsutsar masara a Najeriya. Gonakin Kwali da Kuje ba su da nisa da katangarka. Ƙwaron da ba na so, firiza nake saka shi har ya mutu. Ƙasa da ruɓaɓɓen icen da tsutsa ke zuwa a ciki kuwa ƙona su nake yi, ba na zubawa a tukunyar furanni, don ba ka san ƙwan me ke kwance a ciki ba.

Kada ka roƙi ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya ya sako maka ƙwaro a jaka, shi za ka jefa cikin bala'i. Ka ajiye rasit da kwafin izini muddin ƙwaron na raye. Fitarwa ma haka take: a 2025 kotu a Kenya ta ci tarar wasu matasa biyu 'yan Beljiyam shilin miliyan ɗaya kowannensu, saboda sarauniyoyin tururuwa kusan 5,000 da aka kama su da su. Don haka in wani Bature ya ce ka kamo masa kunama ka aika, ka fara tambayarsa wa zai nemo takardar.