Yadda Ake Inganta Tsarin Matsattsiyar Iska a Masana'anta

Idan iska ta yi rauni a masana'anta, bindigar fenti ta fara tofi, silinda ta riƙa jan ƙafa, maganar da ake fara ji ita ce kwampreso, wato injin matse iska, ya yi ƙarami, a sayo babba. Sau da yawa kwampreson ba shi da laifi. Iskar da yake bayarwa ta isa, a hanya take salwanta. Wanda ya sayo babban inji ya haɗa shi da bututun da ke yoyo kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne, sai dai shi kwandonsa wutar lantarki yake sha dare da rana.

Matsattsiyar iska tana da tsada fiye da yadda ake zato. Daga wutar da kwampreso ke ci, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai ke zama aiki a bakin na'ura, yawancin saura zafi yake komawa. Idan aka lissafa abin da inji zai ci a shekara 10, kuɗin wuta yakan kai kashi 70 cikin 100 ko fiye, kuɗin saye da na gyara su raba ragowar. Shi ya sa a wannan tsari sayen inji ya zo kusan ƙarshe.

Mataki na farko: auna kafin ka taɓa komai

Ka ɗauki mako guda cur kana awo, har da dare da ranakun da ba a aiki. Sanya geji, wato agogon auna matsin iska, a wurare uku aƙalla: a bakin kwampreso, bayan na'urar busar da iska da filtoci, sannan a can ƙarshen layi inda ake yawan kuka da rashin iska. Idan da na'urar da ke ajiye awo da kanta, ta fi, domin gejin da ake leƙawa sau biyu a yini ba ya nuna faɗuwar da ke zuwa na daƙiƙa 30 ta wuce. Ka auna wutar da kowane inji ke ja. Ka kuma duba allonsa ka rubuta awoyin da ya yi yana tura iska da awoyin da ya yi yana juyawa kawai. Kwampreso mai sukuru da ke juyawa ba ya tura komai yana cin kashi 15 zuwa 35 cikin 100 na wutar da yake ci a cikakken aiki.

Lambar da za ka riƙe ita ce kilowat nawa ake ƙonawa kafin a samu kubik mita ɗaya na iska a minti. A matsin bar 7 (bar ma'aunin matsi ne), tsari mai lafiya yakan tsaya wajen kilowat 6 zuwa 7. Idan ƙwararru za ka ɗauko daga waje, ka nemi su bi ƙa'idar ISO 11011, wadda aka tsara musamman don irin wannan bincike.

Mataki na biyu: toshe yoyo

Nan ribar take, kuma nan aka fi raina wa. A masana'antar da ba a bibiyar yoyo, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da ake samarwa a banza take fita. Ramin milimita 1 a matsin bar 6 yana fitar da kusan lita 1 a daƙiƙa. Na milimita 3 yana fitar da kusan lita 10, wato kamar kilowat 3 ke nan. Na milimita 10 ya haura lita 100 a daƙiƙa, yana cinye sama da kilowat 30 shi kaɗai. A ɗauka kana da inji mai kilowat 75 da ke aiki awa 6,000 a shekara: wutarsa ta kai kilowat-awa 450,000. Idan kashi ɗaya cikin huɗu yoyo ne, kuɗin kilowat-awa sama da 110,000 ka biya don hura wa rufin masana'anta iska.

Gwajin ba wuya. Ranar da aka tashi daga aiki, a kashe duk na'urorin da ke shan iska amma a bar bawul ɗinsu a buɗe yadda suke kullum. Kunna kwampreso ya cika layi. Daga nan ka riƙe agogo: minti nawa yake yi yana turawa, minti nawa yake hutawa. Maimaita sau takwas ko goma ka ɗauki matsakaici. Raba lokacin turawa da jimillar lokutan biyu, ka ninka da 100. Idan yana tura minti 1 ya huta minti 3, yoyonka kashi 25 ne na ƙarfin injin. Abin da ake so shi ne ya sauko ƙasa da kashi 10.

Babban bututu ba kasafai yake yoyo ba. Ka nemi matsalar a 'yan mitocin ƙarshe: mahaɗar tiyo mai cirewa da sakawa, tiyon da ya tsage, zaren da ba a naɗe da kyau ba, regileta da kofin filta, hatimin silinda, da bawul ɗin zubar da ruwa da wani ya bari a ɗan buɗe shekaru da suka wuce don ya gaji da zuwa buɗewa. Ruwan sabulu da buroshi suna aiki. Amma a cikin hayaniyar injuna kunne ba ya jin ƙaramin yoyo, sai na'urar da ke kama siririn sautin da kunnen mutum ba ya ji. Duk wurin da ka gano ka rataya masa alama mai lamba, ka fara da manya. Kowace na'ura a sa mata bawul da zai yanke mata iska idan ba ta aiki. Kuma yoyo yana dawowa, don haka a mai da zagayen nan al'adar wata uku-uku.

Akwai kuma ɓarnar da ba yoyo ba ce, hali ne: share ƙasa da iska, kaɗe ƙura daga riga, sanyaya akwatin lantarki da tiyo a buɗe, ko ma'aikaci ya saita tiyo a jikinsa don ya sha iska. Fanka ko ƙaramin injin hura iska mara matsi zai yi yawancin wannan da wuta kaɗan. Ban da asara akwai haɗari, domin iska mai matsi tana iya shiga ta rauni ko ta lalata ido da kunne. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki ta Amurka ta iyakance iskar share-share ƙasa da psi 30, wato kusan bar 2.

Mataki na uku: rage matsi

Duk ƙarin bar 1 yana ƙara wutar da ake ci da kusan kashi 7 cikin 100, sannan yana sa kowane rami ya fitar da iska fiye da da. Galibi an ɗaga matsi ne wata rana saboda na'ura guda ta yi gardama, aka manta a mayar. Ka duba takardar kowace na'ura ka ga abin da take buƙata. Yawancin kayan aikin iska an yi su ne don bar 6 zuwa 6.3. Sai ka riƙa saukowa da bar 0.1, ka jira kwana ɗaya ko biyu, ka sake. Inda aka fara kuka, je ka duba wurin kafin ka koma sama. Sau tari filta ce ta toshe ko tiyon ya yi siriri. Idan da gaske na'ura ɗaya ce ke son bar 9, a sa mata ƙaramin injin ƙara matsi ita kaɗai, kada a ɗora wa masana'anta duka nauyinta.

Mataki na huɗu: bututu

Bambancin gejin bakin tanki da na ƙarshen layi kada ya kai kashi 10 cikin 100. Idan ya wuce, bututun ya yi wa aikin kaɗan, abin da ke faruwa ke nan idan masana'anta ta girma ana ta jona reshe kan reshe. Faɗin bututu yana da tasiri mai ban mamaki: ka ninka shi biyu, asarar matsi ta ragu kusan sau 30. Gudun iska a babban layi ya tsaya wajen mita 6 a daƙiƙa.

Ka kewaye wurin aiki da layi mai siffar zobe, domin iska ta isa kowace na'ura ta hanyoyi biyu, tare da bawul-bawul da za su ba da damar rufe sashe guda ana gyara. Babban layin ya ɗan karkata zuwa wurin zubar da ruwa, rassan kuma a ciro su daga saman bututu su lanƙwaso ƙasa, don kada ruwan da ke kwance ya bi su. Baƙin ƙarfe yana tsatsa ta ciki, tsatsar ta matse hanya ta kuma toshe bawul. Alminiyam ya fi santsi da sauƙin sauyawa. Bututun PVC na ruwa kuwa, kada ma a fara: idan ya fashe da iska a ciki, tarwatsewa yake kamar gilashi.

Mataki na biyar: ruwa, mai da tanki

Iskar da aka matse tana sakin ruwa da ta huce, kuma yawansa yakan ba mutum mamaki a lokacin zafi da laima. Ƙa'idar ISO 8573-1 ta raba tsabtar iska aji-aji ta fuskar ƙura, ruwa da mai. Na'urar busarwa mai sanyaya iska tana kaiwa digiri 3 na Celsius a ma'aunin raɓa, wato sanyin da sai iskar ta kai shi kafin ta fara sakin ruwa, kuma wannan ya isa yawancin aiki. Mai ƙwayoyin tsotse laima tana kaiwa digiri 40 ƙasa da sifiri, amma irin wadda ba ta da hita tana cin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na iskar don ta busar da kanta. Idan sashe ɗaya ne ke buƙatar irin wannan bushewa, shi kaɗai za a yi wa. Haka filta: kowace ƙari tana rage matsi, a sauya ta bisa gejinta kafin ta toshe. Bawul ɗin zubar da ruwa mai aiki da agogo yana zubar da iska tare da ruwan. A musanya shi da mai buɗewa sai ruwa ya taru. Ruwan nan da mai a cikinsa, sai an raba su kafin ya shiga magudana.

Tanki shi ke hana inji yawan kunnawa da kashewa. Ɗaya kafin na'urar busarwa, babba a bayanta, sannan ƙarami kusa da duk na'urar da ke zuƙar iska mai yawa lokaci guda. Kowanne da bawul ɗin kariya mai aiki da takardar gwaji.

Mataki na shida: yanzu a yi maganar kwampreso

Sake awon mako guda. Buƙatar da za ka gani yanzu ita ce ta gaskiya, kuma ba mamaki ta nuna tsohon injin ma ya yi yawa. Idan buƙata tana hawa da sauka, inji mai sauya gudu, wanda ake kira VSD, yana rage wuta sosai. Idan kuwa a tsaye take yini guda, ba zai ƙara maka komai ba, mai gudu ɗaya a cikakken aiki ya fi shi. Inda injuna suke da yawa, masu gudu ɗaya su ɗauki tushen aiki, VSD guda ya riƙa cike giɓi, da na'ura ɗaya mai sarrafa su duka. Sharaɗi: tazarar da VSD ke iya hawa da sauka ta fi ƙarfin inji mai gudu ɗaya da ke kusa da shi, in ba haka ba za su riƙa karɓe-karɓe matsi na rawa. Wajen kwatanta injuna, ka nemi yawan iskar da aka gwada bisa ISO 1217 a matsin da za ka yi aiki da shi, kada ka tsaya kan kilowat ɗin da ke jikin allo.

Ɗakin injin ya samu iska mai sanyi da tsabta. Duk ƙarin digiri 4 na Celsius a zafin iskar da yake shaƙa yana ƙara wutar da ake ci da kusan kashi 1 cikin 100. Zafin da yake fitarwa kuma ana iya kama mafi yawansa a ɗumama ruwan tukunyar tururi ko na wanke kaya.

Ranar haɗa sababbin kaya, a kashe wuta a sa kwaɗo a makunni, a rufe bawul, a saki iskar layi har geji ya nuna sifiri, a kuma buɗe bawul ɗin zubar da ruwa a tabbatar, domin geji yakan maƙale. A yi sashe-sashe, tsohon injin ya zauna a matsayin na ko-ta-kwana. Bayan wata guda a koma wurare ukun nan da aka fara sa geji, a sake lissafin kilowat a kan kubik mita, a ajiye shi kusa da na makon farko.