Yadda nake kafa sabon kunshin Python a foldar da Git ke kula da ita

Karon farko da na yi wannan aiki, sai da na ɓata rabin yini. Laifina ne kuwa. Na buɗe sabuwar folda a cikin aikin, na buga `git init` (umarnin da ke kafa sabuwar ma'ajiyar Git) a cikinta, har na yi komit, wato na adana canje-canje a tarihin Git, alhali uwar foldar tana da nata `.git`, ɓoyayyar foldar da Git ke ajiye tarihin aiki a ciki, tun tuni. Git ya ɗauki ƙaramar a matsayin wata ma'ajiya daban, ya riƙe lambar komit ɗinta kawai. Abokin aikina ya sauke aikin ya tarar da folda wayam. Git ya gargaɗe ni lokacin `git add`, ni ne ban karanta ba.

Shi ya sa yanzu kafin komai nake buga `git rev-parse --show-toplevel`. In ya nuna maka hanyar wata folda, to kana ƙarƙashin Git, kada ka kuskura ka sake `git init`. Duba `git status` ka tabbata babu aikin da ke rataye, sannan ka yanki reshe da `git switch -c sabon-kunshi`. Umarnin `switch` ya shigo ne a Git 2.23 na 2019. Mai tsohon Git sai ya yi `git checkout -b`.

A ce sunan kunshin `lissafi`. Yi folda `lissafi`, a cikinta `src/lissafi`, ka jefa fayil `__init__.py` ko da babu komai a ciki. Git ba ya ganin foldar da babu fayil, don haka wannan ɗan fayil ma ya isa ya sa ta fito. A babbar `lissafi` ka rubuta `pyproject.toml`: ƙarƙashin `[project]` suna da lambar siga, ƙarƙashin `[build-system]` abin da zai gina kunshin. Ni setuptools nake sawa, sabo ne kawai.

Inda nake yin a hankali shi ne `.gitignore`, fayil ɗin da ke lissafa abubuwan da Git zai yi watsi da su. Gyara shi tun kafin ka girka komai: ƙara `.venv/`, `__pycache__/` da `*.egg-info/`. Kada ka shafe wanda ka tarar, ƙari za ka yi a ƙasa. Bayan nan `python -m venv .venv` don ka samu keɓaɓɓen muhallin Python na wannan aikin, ka kunna shi, ka shiga `lissafi` ka buga `pip install -e .` domin duk gyaran da ka yi ya fara aiki nan take ba sai ka sake girkawa ba.

Yi `git add lissafi .gitignore` daga uwar folda, ka karanta `git status` layi-layi kafin komit.

In kuma ka riga ka faɗa ramin da na faɗa, buga `git rm --cached lissafi`, ka goge `.git` na ciki, ka sake `git add`. Sai dai tarihin da ke cikin wancan `.git` zai tafi da shi, don haka kwafe shi gefe tukuna in kana so.