Darasi: Maganin Testosteron ga Mai Sankarar Furostet

Furostet wata 'yar gaɓa ce da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma bututun fitsari ta tsakiyarta yake wucewa. Mutane da yawa kan ce "sankarar mafitsara" alhali furostet suke nufi. Gara mu rarrabe tun yanzu, domin gaɓoɓin biyu ne.

Shi kuwa testosteron sinadari ne da 'yan maraina ke samarwa. Shi ke fito da gemu, ya buɗe murya, ya ƙarfafa tsoka da ƙashi, ya motsa sha'awa. Idan ya yi ƙasa sosai, namiji kan ji kasala da mutuwar jiki, sha'awa ta gushe, wani har baƙin ciki ya dinga damunsa ba dalili. Likita kan ƙara masa shi ta allura ko ta man shafawa. Sai dai likitoci sun daɗe suna tsoron ba mai sankarar furostet wannan magani.

Daga ina tsoron ya fito?

A 1941, likita Charles Huggins da abokin aikinsa Clarence Hodges, a Jami'ar Chicago ta Amurka, suka gano cewa idan aka datse testosteron a jikin mutumin da sankarar furostet ta bazu masa, ciwon yakan lafa. Wannan aiki ya kai Huggins ga lambar yabo ta Nobel a 1966, kuma har gobe da wannan hanya ake danne ciwon idan ya yi nisa. Sai likitoci suka ɗauka cewa tunda ragewa na danne sankara, ƙarawa kuwa hura mata wuta ne. Haka aka yi ta koyarwa fiye da shekara sittin.

Wajen 2006, wani likitan mafitsara na Jami'ar Harvard, Abraham Morgentaler, ya koma ya duba tsofaffin takardun. Ya tarar cewa marasa lafiyar da aka yi wa allurar testosteron a wancan bincike mutum uku ne kacal. Ya kawo bayani cewa furostet tana da iyakar abin da take iya ɗauka. Ku kwatanta da soso: busasshe yana zuƙe ruwa nan take, amma da zarar ya jiƙe sharkaf, ko guga aka juye masa ba ya ƙara shan komai. Wannan bayani ya sauya tunanin likitoci da dama. Amma ku lura da ɓangaren busasshen soson, don nan hatsarin yake: mutumin da testosteron ɗinsa ya faɗi ƙasa warwas, ƙari kaɗan na iya tayar da ciwon da ke kwance.

A 2023 aka fitar da sakamakon babban binciken TRAVERSE, na maza sama da 5,000. Sankarar furostet ba ta fi yawa a cikin waɗanda suka shafa maganin ba. Labari ne mai daɗi, sai dai ba a saka masu tarihin ciwon a binciken ba, haka ma masu alamar hatsari a jini. Don haka kada wani ya ɗauko shi ya ce ya wanke maganin ga mai sankara.

Wa za a hana, wa za a duba?

Wanda ciwon ya fita daga furostet ya shiga ƙashi ko wata gaɓa, ba a ba shi. Wanda ake yi wa allurar rage testosteron ma haka, tunda ƙarawa rushe maganinsa ne. A nan ba muhawara.

Inda magana take shi ne wajen wanda aka yi wa tiyata aka cire furostet, ko aka gasa ciwon da haske ya warke. Ga magidanci zaune gaban likita, shekara biyu bayan tiyata, takardar gwaji a hannunsa. Ciwo ya tafi, amma tashi daga gado da safe ya zame masa aiki, kuma kunya ta hana shi gaya wa ko matarsa abin da ke damunsa. Ina ganin bai dace a sallame shi da "ai ba a yi" kawai ba. Bincike ƙanana sun nuna cewa irinsu da aka ba maganin, ciwon bai fi dawo musu ba. Amma ƙanana ne, shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Mafitsara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2018, ta ce a gaya wa mara lafiya gaskiya cewa hujjar ba ta cika ba, sannan a yanke shawara tare da shi.

Kafin a fara

Kasala kaɗai ba hujja ba ce. Ciwon suga, ƙiba da rashin barci duk suna kawo ta. Sai an auna testosteron da safe, sau biyu a ranaku daban, an ga yana ƙasa da 300 a ma'aunin ng/dL da ake rubutawa a takardar gwaji. Sannan a yi gwajin jini na PSA, wanda ke nuna motsin furostet. Ga wanda aka cire masa ita, ya kamata PSA ya zama kusan babu. Bayan an fara, ana maimaita gwajin a kai a kai, kuma da ya fara hawa sai a dakata. Ana kuma duba kaurin jini, domin maganin yana ƙara jajayen ƙwayoyi: idan sun wuce kashi 54 cikin ɗari, akan tsayar. Mai son haihuwa ya faɗa tun farko, don maganin yana rage ƙwayoyin maniyyi.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne mai sayen allura da kansa ya yi a ɓoye. Sankarar furostet takan daɗe ba ta nuna alama, mutum na iya ɗauke da ita bai sani ba.

Aikin gida: ku rubuta waɗannan tambayoyi a takarda da hannunku, ku karanta su da ƙarfi a aji, sannan ku ajiye don ranar ganin likita. Nawa ne PSA ɗina? Ciwon nawa ya tsaya a furostet ko ya fita? Idan na fara maganin, yaushe zan dawo gwaji?